Kada a sayar wa 'yan gwangwan da tsofaffin gilasan kyamara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasan Sakkwato masu ɗaukar hoto, da kuma magadan tsofaffin masu shagon hoto.

Yanzu kowa so yake hotonsa na kan titi ya fito kamar na zamanin iyayenmu, sai ya danna filta a waya, launi ya koma ruwan ƙasa. Amma filta kwaikwayo kawai take yi. Taushin da ke cikin tsohon hoto, da yadda haske ke malala idan rana ta bugi kyamara, daga gilashin suke zuwa, domin shafen da ake yi wa gilasan da bai kai na yau hana haske warwatsuwa ba. Waɗannan gilasai kuwa suna nan cikin akwatuna a gidajenmu, ana auna su a kilo kamar tsohon ƙarfe. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ni da gilashin Helios 44-2 nake aiki, mai milimita 58, ƙirar Tarayyar Sobiyet, wanda ake sayarwa tare da kyamarar Zenit. Gindinsa murɗawa ake yi, irin da ake kira M42, don haka zoben haɗi ɗaya ya isa ya hau kyamarar Sony ko Fujifilm ta zamani. Idan ka buɗe shi har f/2, wato iyakar buɗewar ƙofar haskensa, ka tsayar da mai sayar da goro kusa da kai, bishiyar dogon yaro na can nesa bayansa, ɗigon hasken da ke cikin ganyen sai ya riƙa juyawa kewaye da shi, fuskarsa kuma tas, har zaren da ya tsinke a bakin hularsa kana gani. A kyamara mai ƙaramin sensa, wato allon da hoto ke sauka a kai, juyawar tana raguwa, saboda a gefen hoto take, gefen kuma an yanke shi.

Akwai kuma Super-Takumar na Asahi Pentax, milimita 50, f/1.4. Da yawansu an sa sinadarin toriyom a gilashinsu, shi ya sa suke yin rawaya da tsufa. Wasu na shanya su a rana don rawayar ta fita. Ni ba na so, domin a kasuwar Kara, bayan la'asar, lokacin da ƙurar shanu ta tashi, wannan rawayar ita ce hoton.

Da hannu ake saita su, babu na'urar da za ta yi maka. A cunkoson Tsohuwar Kasuwa nakan rage ƙofar hasken zuwa f/8, in ajiye nisa a mita 3, in daina taɓawa. Kuma ina yin sallama in nemi izini kafin in ɗaga kyamara, musamman wajen mata da kewayen Hubbaren Shehu. Wanda ya ce a'a, na wuce.

Ga magada: in kun ci karo da irin wannan a kayan mahaifinku, ku haska tocila ta cikinsa. Ƙurar hunturu ba komai ba ce, amma in kun ga zare-zare farare, fumfuna ce, sai a kai wa mai gyara. Kada a goge shi da bakin riga. In dole sai an sayar, a nemi mai ɗaukar hoto ya taya.

Naku,
Mai ɗaukar hoto,
Mabera, Sakkwato