Sauro bai “saba” da magani ba, gado ya yi

Malam Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu gyara wata magana da ta yawaita a bakin jama'a daga Garwa har Marwa, wai sauro ya “saba” da maganin gidan sauro. Lallai maganin ya rage kaifi, amma ba sabo ba ne, kuma gane bambancin shi ne gane yadda kimiyya ke tunani game da sauyin halittu.

Hujjar tana tsaye a kan abubuwa uku. Sauro ba duka ɗaya suke ba, a cikin dubbai akan sami 'yan kaɗan da jikinsu ke jure guba. Wannan juriya ana gadonta. In aka yi feshi, raunana su mutu, masu juriya su hayayyafa. Sauro kuwa yakan tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kamar mako biyu, don haka damina ɗaya ta ishi zuri'a da dama. A ƙasar auduga irin tamu abin ya fi sauri, domin dangin maganin da ake fesa wa gona, wato firetiroid, shi ne a jikin gidan sauro, kuma ruwan sama na wanke shi zuwa kududdufan da tsutsar sauro ke girma.

To ta yaya za a raba sabo da gado? Da gwajin da zai iya ƙaryata mai da'awa. In sabo ne, jikokin sauro masu juriya da aka raina a ɗakin bincike, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da magani ba, za su mutu. In gado ne, za su tsira. Tsira suke yi.

Ga gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na auna juriyar sauro. Ana zuba matan sauro 20 zuwa 25, 'yan kwana 3 zuwa 5 da ba su sha jini ba, cikin kowane bututu. Bututu huɗu an shimfiɗa musu takarda mai magani, biyu babu. Bayan awa ɗaya a mai da su bututu mai tsabta, a ba su ruwan sukari a auduga, a ƙirga matattu bayan awa 24. In kashi 98 cikin 100 suka mutu, magani na aiki. In ƙasa da 90 ne, akwai juriya. Bututun nan biyu marasa magani su ne shaidu: in sama da kashi 20 na cikinsu suka mutu, zafi ko riƙon ganganci ne ya kashe su, sai a watsar da gwajin a sake. Nan ne masu gaggawa ke tuntuɓe.

Haka kimiyya ke bin hujja a kan tsoffin ƙasusuwa ma. Ƙoƙon kan Tumai, wani mai kama da biri na zamanin da da ake zaton dangin ɗan adam ne, wanda aka tsinta a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, an kimanta shekarunsa wajen miliyan 7. Masu cewa ya yi tafiya da ƙafa biyu sun kafa hujja da ramin da laka ke bi a ƙasan ƙoƙon, wasu masana kuma har yau suna ja. Wannan gardamar ba aibi ba ce, domin kowane ɓangare ƙashi yake nunawa.

Abin da ke damunmu shi ne mun riga mun yi asarar klorokwin ta wannan hanya, domin ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ita ma ta gaji juriya, har Kamaru ta koma magungunan haɗi na zazzaɓi da ake kira ACT a 2004. Muna roƙon manoma su bi ma'aunin feshi su riƙa sauya dangin magani, iyaye kuma su ba yara maganin zazzaɓi na kwana uku cif, ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyyar halittu,
Garwa, Kamaru