Rahoton Ayyukan Shekara: Auna Gurɓatar Ruwa da Matsattsaku

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Galibin ƙarfin kwamitin sa ido kan ruwa a bana ya tafi ne kan gwajin matsattsaku a rafukan da ke kwashe ruwan majemun Kano, na Sharaɗa zuwa Kogin Challawa da na Bompai zuwa Jakara. Daga Kanada muka aro dabarar. A shekarun 1980 masu bincike a rafin Canagagigue na lardin Ontario suka gano cewa matsattsaku na tara kulorofenol, sinadarin hana katako da fata yin fumfuna, fiye da kifi, don jikinsa ba ya saurin fitar da shi. Kwalbar ruwan da aka ɗiba da hantsi ba ta da labarin abin da aka zubar da tsakar dare. Wanda ya kwana a rafin shi ke da labari.

Ga tsarin da muka tsaya a kai. A kamo matsattsaku masu girma ɗaya daga tafki mai tsabta, a ware wasu don kwatance. A zuba goma a kowane kejin raga na ƙarfe marar tsatsa, a kafa ɗaya sama da bakin magudana, ɗaya ƙasa da shi, su yi kwana 7. Ranar cirewa a ɗauke su da hantsaki, a naɗe a takardar alminiyam, a jefa cikin kula mai ƙanƙara sai ɗakin gwaji. Ban da leda. Ban da barbaɗa gishiri in ya kama hannu, domin gishiri na tsotse ruwan jikinsa, awon nauyi ya lalace.

Mun sha asara. Matsattsaku na miƙewa ya zama kamar zare, ɗinkin raga ɗaya ya saki sai a tarar da keji wayam. Da damina laka ta binne wasu kejin, iska ta yanke, matsattsakun ciki suka mutu, shi ya sa yanzu muke ɗaure kejin a turke, taƙi guda sama da ƙasan rafi. Ɗauke wuta ma ya narkar mana da wasu samfura.

Abin da ya fi ruɗar sababbin ma'aikata shi ne pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Kulorofenol ya fi shiga jiki in ruwa na da tsami, ruwan jima kuwa sau da yawa cike yake da farar ƙasar cire gashi, wadda ke kashe tsami. Saboda haka ƙaramin sakamako a irin wannan wuri ba shaidar tsabta ba ne. Dole a rubuta pH da zafin ruwa ranar sawa da ranar cirewa.

Baɗi da rani za mu fara, kafin ruwa ya sauka. Duk memban da ke da firiza mai aiki da sola ya sanar da sakatare.