Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Iyaye da Malamai na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum. Shugaban makaranta, malamanmu masu daraja, iyaye maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a zanguna uku na wannan shekara.

Mun shiga shekarar ce jim kaɗan bayan gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Tun kafin nan, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa kowane uba ko mariƙi alhakin ganin ɗansa ya kammala shekaru 9 na firamare da ƙaramar sakandare. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai aikin hukuma ne, don haka muka mayar da hankali kan abin da ke hannunmu, wato maganar da ke tsakanin gida da aji, ganin cewa da yawa daga cikinmu ba ma taka makaranta sai an kori yaro ko an doke shi, lokacin da rai ya riga ya ɓaci.

Babban aikinmu shi ne ranar ganawa da malamin aji, wadda muka sa a tsakiyar kowane zango, bayan gwajin farko, tun da sauran lokacin gyara kafin jarrabawa. Uba ko uwa kan zauna da malami a buɗe rajista da littattafan rubutun yaron, a duba tare. A irin wannan zama ne wata uwa ta bayyana cewa ɗanta, wanda ake ɗauka ba ya fahimta, kunnensa ɗaya ne ya samu matsala bayan wata jinya. Aka dawo da shi bencin gaba, aka kuma shawarce ta ta kai shi asibiti. Haka kuma rajista ta nuna wa wani uba cewa kullum 'yarsa ba ta samun darasin farko saboda tallan ƙosai na safe, kuma da bakinsa ya yi alkawarin a daina ɗora mata kafin a tashi daga makaranta.

Kwamiti ya gamsu cewa iyaye mata ne suka fi sanin halin yaro, amma a baya su ne aka fi bari a baya. Saboda haka muka ware musu zama na daban da hantsin Asabar tare da malamai mata, muka kuma roƙi mazaje su ba su izini. Muna godiya ga waɗanda suka amsa.

An buɗe zauren WhatsApp ga kowane aji, inda ake tura sanarwa da saƙon murya cikin Hausa saboda waɗanda ba su karanta boko. Mun kafa ƙa'ida cewa ba a ambaton laifin yaro ko na malami a zauren, sai dai a kira wanda abin ya shafa a keɓe. Waɗanda ba su da babbar waya ana isar musu ta hannun mai unguwa da limamai.

Har yanzu akwai sauran aiki. Yawancinmu idan katin sakamako ya zo, tambayarmu ita ce na nawa yaro ya zo, ba ma duba makin gwaje-gwaje ko bayanin malami. Yawan ɗalibai a aji ya sa malami ba ya iya ba kowane uba lokacin da ya kamata, kuma fashin makaranta ya ƙaru a lokacin kaka ba tare da an sanar da malamai ba.

A shekara mai zuwa muna neman amincewarku a raba ranar ganawa kwana biyu, sannan a naɗa wakilin iyaye a kowane aji wanda zai riƙa bibiyar yaron da ya yi mako guda bai zo ba. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi bayan wannan rahoto.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa