Wasiƙa daga Damagaram a kan tafiyar Auta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Istambul bai matsa maka ba. Mu nan Damagaram lafiya lau muke, sai zafi da wahalar ruwa da ka sani, waɗanda ba su canza ba tun tafiyarka. Na san shirun da na yi tun bayan Babbar Salla ya yi tsawo, ka yi mini afuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau maganar Auta ce, domin ta hana ni barci, kuma kai kaɗai nake ganin zai saurara.

Ka san ya kammala lisans ɗinsa na Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya dawo gida yana koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta a Sabon Gari, albashin kuwa ko kuɗin man babur ba ya isa. To, makonni uku da suka wuce wani dillali da ya haɗu da shi ta WhatsApp ya yi masa alkawarin aikin koyar da yara Ingilishi a wata makarantar kuɗi a ƙasar Sin, da ɗaki kyauta da albashin da ya ninka na nan sau goma. Sharaɗin shi ne ya biya jika 800 kafin ya tashi, ya shiga ƙasar da bizar kasuwanci, wai idan ya isa makarantar za ta gyara masa takardu. Hajiya har ta fara zancen sayar da lambun Mirya, wanda ka san shi ne abin da Baba ya bar mana.

Na zauna na karanta takardar da aka aiko masa, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali. A ƙasar Sin baƙo ba ya aikin koyarwa bisa doka sai da bizar aiki, wadda ake kira Z, kuma ma'aikatar da za ta ɗauke shi ce take nema masa izini tun yana gida. Wanda ya shiga aji da bizar kasuwanci ko ta yawon buɗe ido, ranar da 'yan sanda suka zo bincike shi za a tsare, a ci shi tara, a koro shi, mai makaranta kuwa ya biya tasa tarar ya nemi wani. Ban da wannan, tun watan Yuli na 2021 gwamnatinsu ta hana kamfanoni cin riba da darussan bayan tashi daga makaranta ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, kuma cibiyoyin Ingilishi masu yawa sun rufe a dalilin haka. Saboda haka makarantar da take kiran mutum ta bayan gida a yau, ina zargin ita kanta a ɓoye take aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dillalin ya gaya masa cewa idan iyayen yara sun tambaya, ya ce shi ɗan Amurka ne. Yaron da ya ƙware a harshen nan da guminsa, yana zuwa Kano kowane hutu don ya goge bakinsa, a ce sai ya musanta ƙasarsa kafin a bar shi ya riƙe alli! Na san daga inda abin ya samo asali, domin a wannan sana'a fasfo ake dubawa kafin ilimi. Koriya ta Kudu ma a dokance ta fi ba da bizar malamin Ingilishi ga 'yan ƙasashe bakwai, wato Amurka da Ingila da Kanada da Ailan da Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Wanda ya fito daga Nijar, ko da ya fi su iya nahawu, ana ba shi ƙaramin albashi da azuzuwan da kowa ya ƙi. Ban kuma manta da abin da ya faru a birnin Guwanzu na ƙasar Sin a watan Afrilu na 2020 ba, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal da sunan annobar korona. Malamin da ɗakinsa na makaranta ne, ranar da aka sallame shi ya rasa aiki da makwanci a yini ɗaya.

Yanzu ga abin da nake roƙonka, kuma kada ka ji haushina. Hotunanka ne suka ja hankalin Auta. Yana ganinka a Facebook da kwat a bakin teku, da jiragen ruwa a bayanka, kai da muka sani da tsoron tafkin Birni, sai ya ɗauka ka gama da talauci. Bai san abin da ka gaya mini a waya da dare cikin azumi ba: cewa awannin da ka tsaya a aji kawai ake biyanka, shirya darasi da gyaran takardu kyauta ne, cewa kana koyarwa da sassafe, ka zauna jira har magariba sannan manya su zo daga wuraren aikinsu, Asabar da Lahadi ma babu hutu, cewa idan ɗalibai sun janye a lokacin rani kuɗinka ya ragu da rabi. Bai san mai makarantarku ya shekara yana cewa gobe zai nema maka izinin aiki ba, alhali takardar zama da ke hannunka ba ta halatta maka aiki, kuma idan ka kwanta ciwo babu inshorar da za ta ɗauke ka. Bai lissafa faɗuwar lira, kuɗin Turkiyya, ba, wadda a farkon 2021 ba ta kai 8 a dalar Amurka ɗaya ba, a 2024 ta haura 30, mu kuwa sefa tana nan daure da yuro a 655 da 'yan kai, shi ya sa abin da kake aiko wa iyalinka yake ƙanƙancewa kowace shekara ko da an yi maka ƙari.

Ni ban ce kada ya fita ba. Na gaya masa idan da gaske yake, kuɗin da zai ba dillali ya tara su ya yi kwas ɗin CELTA na Kambirij, na horar da masu koyar da Ingilishi, wanda ake gamawa cikin mako huɗu, sannan ya nemi makarantar da za ta aiko masa da yarjejeniya a rubuce, da adadin awanni da ranar biya da wanda zai sayi tikitin dawowa, kuma fasfonsa ya zauna a aljihunsa. Ya ce ni ban taɓa wuce Yamai ba, me na sani. Kai ba zai iya gaya maka haka ba.

Don Allah ka kira shi kafin Juma'a, domin ranar ce mai sayen lambun zai zo ganin Hajiya. Ka faɗa masa komai yadda ka faɗa mini, har da watanni biyun da aka riƙe maka albashi. Ka kuma sanar da ni ko an biya ka su, da inda maganar izinin aikinka ta kwana. Uwargida da yara suna gaishe ka, Hajiya ma tana sa maka albarka.

Wassalam,
Naka amini a Damagaram