Kafin a zuba Windows ɗaya a kwamfutoci 40

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu kula da kwamfutocin makarantu da ofisoshi kan wani aiki da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato haɗa filashin da ake tayar da kwamfuta da shi don a zuba tsari iri ɗaya a na'urori masu yawa. Wanda aka danƙa wa kwamfuta 40 ba zai zauna yana sa Windows da manhajoji ɗaya bayan ɗaya ba. Zai shirya guda ɗaya tsaf, ya ɗauki cikakken kwafinta, abin da masu sana'ar ke kira imej, ya zuba wa sauran. Abin da ke damuna shi ne, duk kuskuren da ke jikin ta farkon sai ya haihu sau 40.

Aikin daga uwar kwamfutar yake farawa, ba daga filashi ba. A sa mata Windows sabuwa fil, da ta kai allon farko na saiti a danna Ctrl da Shift da F3 tare, za ta shiga yanayin da ake sa manhajoji ba tare da an buɗe wa kowa asusu ba. A tabbatar BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan faifai, a kashe yake. Idan an gama, a kira Sysprep, manhajar Windows da ke shirya kwamfuta don ɗaukar kwafinta, da umarnin /generalize /oobe /shutdown. Shi ne ke goge sunan kwamfutar da lambar shaidarta ta tsaro, ta yadda kowace za ta samu nata idan ta tashi. Masu tsallake wannan matakin su ne za ka tarar da kwamfutocinsu duka suna amsa suna ɗaya a netwok, wata ta shiga wata ta faɗo. Idan Sysprep ya ƙi, galibi wata manhajar Microsoft Store ce aka sa wa mutum ɗaya kawai. Fayil ɗin setupact.log da ke cikin foldar Panther ta Sysprep zai faɗi sunanta, a cire ta a sake gwadawa. Kuma da zarar Sysprep ya kashe kwamfutar, kada a bari ta koma cikin Windows. Daga filashi za a tayar da ita don a ɗauki imej ɗinta, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Shi filashin, Windows PE ake sa masa, wata 'yar ƙaramar Windows da ke aiki a cikin RAM. Ana samun ta ne idan aka sauke Windows ADK, wato kunshin kayan aikin Microsoft na zuba Windows, da ƙarinsa na PE, a haɗa fayilolin da umarnin copype, a rubuta su a filashi da MakeWinPEMedia. A nan ne mutane da yawa ke cin karo da bango. Kwamfutocin zamani masu UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, filashin da aka tsara da FAT32 (wani salon ajiye fayiloli) suka fi tabbatar da tashi da shi, amma FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, imej kuwa da manhajoji a ciki ba wuya ya kai 15 ko 20. Mafita biyu ce. Ko a raba filashin gida biyu, a ba FAT32 gigabait 2 don tashi, sauran a mayar da shi NTFS, salon da ke ɗaukar manyan fayiloli, don ajiye imej, abin da Windows 10 ta fara yarda da shi tun fitowar 1703 a shekarar 2017. Ko kuma a sa DISM, manhajar Windows mai ɗauka da zuba imej, ya yanka imej ɗin gunduwa-gunduwa, kowace megabait 3800. Ni dai na fi son ta farko, domin gunduwa ɗaya ta ɓace ko ta lalace, sauran ba su da amfani.

Filashin kansa a gwada shi. Akwai na jabu da ke nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai karɓi fayil lafiya ƙalau, sai wajen zubawa aikin ya tsaya a tsakiya. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta, ta tona asirinsa. A kuma nemi USB 3.0, domin a kan USB 2.0 gigabait 20 na cin kamar minti 11, sau 40 ya wuce awa bakwai.

A kan kwamfutar da za a zuba wa, umarnin diskpart ne ke share faifai, ya mayar da shi GPT, wato tsarin rabon faifai da UEFI ke aiki da shi, ya yanka ɓangaren fayilolin tashi, wato EFI, na megabait 260 da wanda Windows ke keɓe wa kanta, wato MSR, na megabait 16, sauran na Windows. DISM ya zuba imej, sannan umarnin bcdboot ya rubuta fayilolin tashi. Wanda ya manta bcdboot zai ga komai ya shiga, amma ya kunna kwamfuta ta ce ba ta ga abin tashi ba. Ina roƙon kowa da ya buga list disk ya duba girman kowane faifai da idonsa kafin ya buga clean, umarnin da ke share faifan da aka zaɓa. Ba kullum faifan ciki ne lamba 0 ba, kuma clean ba ya tambaya. Idan filashin ne aka zaɓa, imej ɗin ya tafi.

Wani lokaci ma faifan ba zai bayyana ba sam. Wannan ya yi yawa a kwamfutocin Intel daga ƙarni na 11, saboda fasahar sarrafa faifai ta VMD da Windows PE kan rasa direbanta, wato manhajar da ke sa a gane na'urar. Ba faifan ne ya mutu ba. A sauke direban Intel RST, a cusa shi cikin boot.wim, fayil ɗin Windows PE da ke filashin, da DISM, a sa shi a imej ɗin ma.

Masu amfani da Clonezilla, wata manhajar kwafar faifai, su tuna faifan da za a zuba wa kada ya gaza na asali girma, don haka a shirya uwar a kan faifai mafi ƙanƙanta. Idan Linux ce, a share machine-id, wato lambar shaidar kwamfutar, da makullan SSH na shiga ta daga nesa kafin ɗaukar kwafi. Lasisi kuma imej ba ya raba shi, kowace kwamfuta da nata.

Kafin a taɓa sauran, a zuba wa guda ɗaya daga kowane samfuri, a gwada sauti, Wi-Fi, firinta da sabuntawa, a kashe a kunna sau biyu ko uku. Idan adadin ya haura abin da filashi huɗu ko biyar za su iya a yini, a koma tayarwa ta netwok, wato PXE, inda sabar ɗaya ke aika imej ga dukkansu lokaci guda.

Wassalam,
Wani mai kula da kwamfutoci