Wasiƙar Godiya ga Ofishin Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu a Maraɗi

Zuwa ga Alhaji shugaba, da Malam magatakarda, da Hajiya ma'aji, da dukkan masu hidima a ofishin ƙungiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya ku da iyalanku, na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a domin in yi muku godiya a madadin gidana da maƙwabtana, bisa ɗawainiyar da kuke yi wa wannan unguwa ba tare da kun karɓi ladan kowa ba.

Abin da ya fi komai girma a idona shi ne taron da kuke yi kowace Lahadi bayan sallar la'asar, wanda zafin bazara bai hana shi ba, hazon hunturu ma bai hana shi ba. Mun sha ganin ƙungiyoyin da ake kafawa da kiɗa da guɗa a wannan gari, amma kafin shekara ta zagayo sai a neme su a rasa, kuma galibi abin da ke kashe su shi ne maganar kuɗi da ake yi a ɗaki. Ku kuwa a ƙofar ofis kuke shimfiɗa tabarmi, a jera benci ga dattawa, Malam magatakarda ya karanta abin da aka tsayar a makon jiya, sannan Hajiya ma'aji ta buɗe littafinta ta karanto abin da ya shiga da abin da ya fita, har zuwa dala ɗaya, da takardar shaidar kowane abu da aka saya. Na ga ranar da wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce farashin shebur da aka faɗa ya yi mata tsada. Babu wanda ya ɓata rai, babu wanda ya ce da ita ina ruwanta. Aka miƙa takardar ga jikanta ya karanta mata, Alhaji shugaba kuma ya nemi ta raka masu sayayya babbar kasuwa a karo na gaba tunda ta fi su iya ciniki. A ganina wannan ɗabi'a ce ta sa mai kabu-kabu da mai tuyar ƙosai suke ba da nasu karo-karon da daɗin rai, domin sun san inda kuɗinsu yake kwana.

Daga wannan zama ne aikin yashe magudanan ruwa ya fito, kuma shi ne aikin da ya fi shafar rayuwarmu kai tsaye. Duk ɗan Maraɗi ya ji labari daga bakin kakanninsa yadda ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon gari a shekarar 1945, har aka tashi aka hau tudu, kuma damanar 2024 ta sake tuna mana da wannan, lokacin da gidajen ƙasa suka rurrushe, aka yi asarar rayuka da dukiya a cikin birni da kewaye. Ruwan sama ba ya hannun kowa, amma ledar da ke toshe magudana da yashin da ke cike ta a hannunmu suke. Kun fahimci haka, shi ya sa tun kafin saukar ruwan farko kuka raba unguwa layi-layi, kuka bi fadojin samari ɗaya bayan ɗaya, kuka zauna da su a bakin shayi har suka amince kowace fada ta ɗauki nata yanki. Masu amalanke suka kwashe abin da aka tono a ranar da aka tono shi, wanda hakan dabara ce mai kyau, domin sharar da aka bari a bakin magudana ruwan farko ne ke mayar da ita ciki. Dattawanmu da suka yi aikin Samariya, wato ƙungiyar matasa ta aikin gayya, a zamanin shugaban ƙasa Seyni Kunce sun ce rabonsu da ganin gayya irin wannan an daɗe, kuma na ga yadda wasunsu suka fito da sanda suna nuna wa yara inda ruwa ya saba bi.

Haka kuma ina yaba muku kan yadda kuka tsaya wa ma'aikatan lafiya a lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 sau ɗaya a wata cikin damana. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko ne ya wuce, na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ce ke bayarwa a gida, kuma a nan ne ake yawan samun mantuwa. Matan ƙungiya sun ɗauki nauyin zagayawa gida-gida suna tunatarwa, suna kuma duba ko gidan sauro yana ɗaure. Aiki ne da ba ya fitowa a hoto, amma uwar da ta taɓa kwana a asibiti da yaro ana neman jinin da za a ƙara masa ta san darajarsa.

Su waɗannan mata ma sun cancanci godiya ta musamman. Asusun da suke zubawa mako-mako, a cikin akwati mai makullai da ke hannun mutane daban-daban, ya bi tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma ya yi daɗi da ofishinku ya bar musu ikon kuɗinsu bai tsoma hannu ba. Daga cikinsa wasu suka samu jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wasu suka saya wa 'ya'yansu kayan makaranta. Itatuwan da aka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa, kuwa, na lura an kewaye su da ƙaya saboda awaki, an kuma damƙa kowanne ga gidan da ke kusa da shi ya riƙa ba shi ruwa.

Ba zan manta da saƙon murya da Malam magatakarda ke turawa ta WhatsApp bayan kowane taro ba, cikin Hausa tsantsa, domin ta haka wanda bai yi karatu ba, da ɗan kasuwar da ya tafi Jibiya ko Katsina, da 'ya'yan unguwa da ke ci-rani duk suke jin abin da aka tsayar, wasunsu har su aiko da tasu gudummawar.

Ina da roƙo guda, kuma da girmamawa nake yin sa. Ku jawo samari da 'yan mata masu ilimi, musamman ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke zaune a cikinmu, su riƙa zama kusa da Hajiya ma'aji da Malam magatakarda suna koyon riƙon littafi tun yanzu, domin in uzuri ya kama ɗayanku taron Lahadi ya ci gaba yadda aka saba. Ni da mutanen layinmu mun shirya ba da namu lokacin a gayyar da za a yi kafin damana mai zuwa, sai ku sanar da mu ranar.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa zuri'arku albarka, ya ba mu damana mai albarka.

Wassalam,
Naku, wani magidanci daga cikin mazauna unguwa, Maraɗi.