Wasiƙa ga aminina da ke Amurka, a kan fistol ɗin da ya ɗora wa ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan ƙasar Gumel sai godiyar Allah. An gama yankan gero, riɗi ma ya shiga gida, yanzu zoɓo ake tsinka, sanyi kuma ya fara leƙowa da asuba. Na je na gaida Hajiya ranar Juma'a, tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai take ɗan damun ta.

Saƙonka ya iso, har da hoton. Ka ce ka shiga wani kantin bindigogi a can Teksas, mai kantin ya ɗora maka Colt 1911 a tafin hannu, tun daga ranar ba ta fita daga ranka ba. Kana so ka saya ka riƙa yawo da ita a ƙugu, in ka tashi dawowa gida gaba ɗaya kuma ka taho da abarka. Ka nemi shawarata don na yi aikin soja. Na ga ba maganar waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ban ga laifinka ba da ta shiga ranka. Duk wanda ya san bindiga, in ya riƙe wannan sai ya ji wani abu. John Browning ne ya ƙera ta, sojojin Amurka suka ɗauke ta a shekarar 1911, daga nan ta samo sunanta. Kafin ita, sun yi yaƙi da Musulmin Moro a kudancin Filifin, suka ga ƙaramin harsashin da suke amfani da shi ba ya tsayar da mutum, sai suka nemi mai kauri, shi ne wannan .45 ɗin. A gwajin da aka yi mata kafin a karɓe ta, an harba harsashi 6,000 da bindiga ɗaya ba ta cije ba. Ta yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ta yi Koriya da Biyetnam, sai a 1985 aka maye gurbinta da wata fistol mai suna Beretta. Shekara 74 ke nan a hannun soja, kuma har gobe kamfanoni na ƙera ta a kan wancan tsarin na farko.

Ni ƙanwarta na riƙe a bariki, Browning mai cin harsashi 13. Shi dai John Browning ɗin ne ya fara aikinta, ya rasu a Beljiyam a 1926 bai gama ba, Dieudonné Saive na kamfanin ƙera bindigogi na FN ya ƙarasa, ta fito a 1935. Don haka na san abin da ya ja ka. Ita 1911 ƙarfe ce zalla, siririya, tana zama a hannu daram. Kunamar 1911 kuwa baya take tafiya kai tsaye, a taƙaice, ba ta ja ba ta turjiya, shi ya sa masu gasar harbi ba su rabu da ita ba har yau. Nauyinta ma yana shanye wani abu daga cikin bugun da take yi wa hannu. A filin koyon harbi, wallahi ban san wadda ta fi ta daɗi ba.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Harbi a fili daban, yawo da ita daga safe zuwa dare daban, kuma a nan ne nake so ka saurare ni.

Ba harsashi ko ɗaya a cikinta ta haura kilo guda, tsawonta kuma ya ɗan wuce santimita 21. A kanti ba za ka ji komai ba. Sai ka wuni da ita tana jan wandonka, tana tokarin haƙarƙarinka in ka zauna a mota, kana tunaninta a ruku'u da sujada, sannan za ka gane. Abin da ke faruwa da mutane shi ne, bayan 'yan makonni sai su fara cire ta suna ajiyewa a aljihun mota ko a durowa, can kuma ɓarawo da yaro suke samun ta. Duk wannan nauyi, harsashi 7 take ci, sababbin gidajen harsashi su ci 8. Glock 17 da aka ƙera a Ostiriya a farkon shekarun 1980 tana cin 17, ga ta ba nauyi don jikinta roba ne mai ƙarfi. Harsashin .45 kuma ya fi na milimita 9, irin wanda Glock ɗin ke ci, tsada, wanda ke nufin za ka riƙa rage zuwa atisaye don tausayin aljihu.

Atisayen nan kuwa shi ne gaba ɗayan maganar. 1911 ba ta tashi sai gudumarta ta baya tana ɗane. Masu yawo da ita sukan sa harsashi a baki, su ɗana gudumar, su tura makullin da ke gefen babban yatsa, a haka take zama a kube. Akwai makulli na biyu a bayan mariƙi wanda ba ya saki sai ka damƙe ta da kyau. Tsari ne mai kyau ga wanda hannunsa ya haddace shi. Wanda bai haddace ba, in tsoro ya zo, ko dai ya manta bai sauke makullin ba ya yi ta jan kunama a banza, ko ya sauke da wuri yatsansa na kan kunamar da ba ta buƙatar ƙarfi. Na ga jarumai a bariki hannunsu na rawa a ranar da abu ya zo da gaske, su da aikinsu ke nan. Kai fa, da kake fita aiki tun duhu ka dawo a gajiye, yaushe za ka samu wannan lokacin? Sannan in tsohuwa ce za ka saya, ka sani cewa a 1983 kamfanin Colt suka ƙara mata abin da ke tare allurar harbi, wato tsinken da ke dukan gindin harsashi. Yawancin waɗanda suka riga wannan, in suka faɗi ta baki a kan daɓe mai tauri, suna iya tashi da kansu. Tana son mai, tana son shara, gumi yana sa mata tsatsa, waɗanda aka matse haɗinsu sosai kuma ƙura kaɗan ke sa su cije.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba wannan ba ne, gidanka ne. Kana da samari biyu da suka fara tasowa a ƙasar da ba tasu ba, ga ƙaramar da ba abin da ba ta buɗewa. A Amurkar nan da kake, fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a shekara su ne suka harbi kansu. Ɓacin rai na dare ɗaya, in ba makami a kusa, gari na wayewa ya wuce. Kuma ka san kanka da zuciya a kan hanya. Mutumin da ke da ƙarfe a ƙugu dole ya zama shi ne mai haƙuri a kowace cacar baki, shi ne mai ba da hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami don bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba.

Batun tahowa da ita gida kuwa, don Allah ka cire shi daga ranka. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol a sahun haramtattun makamai, tare da bindigogin yaƙi, ba mai ba da izininta sai shugaban ƙasa. Bindigar farauta lasisinta na hannun Sufeto Janar, ta toka irin ta maharbanmu kuma na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da fistol ba izini, ɗaurin da doka ta tanada ba ya gaza shekara 10. Na san abin da za ka ce, rashin tsaro. Mu da muke nan mun fi ka jin sa, duk wanda ya sayar da bijimi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis da addu'a yake komawa gida. A 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Kuma gaskiya tsakani da Allah, masu zuwa a kan babura da AK-47, harsashi 7 ba zai mai da su ba. Jin cewa akwai bindiga a gidan wane ma jawo su yake yi.

Ga shawarata. In takardunka sun ba ka dama kuma ranka ya kasa haƙura, ka saya, ba zan hana ka abin da ni ma nake ƙauna ba. Amma ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin ka sayi bindigar, harsashi ya zauna a wani wuri daban, ka nemi malamin harbi ka biya shi ya koya maka, ka bar ta ta zama ta filin harbi. Yawo da ita kullum ban yarda ba. Kuma kada ka shigo da ita gida sai ka zauna da uwargida ta amince, don ita ce ke wuni da yaran.

Ka rubuto mini abin da ka yanke. Maganar gonarka ta bakin titi, mai haya yana so ya ƙara shekara, na ce masa sai na ji daga bakinka. Ka gaida mutanen gida duka. Allah Ya tsare ku, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka amini,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa